Daga Kano zuwa Yamai a jirgin sama: ina sa'o'in suke shiga?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Diori Hamani da ke Yamai akwai tazarar kilomita 700 da 'yan kai, idan aka auna miƙe babu ratse. Jirgin fasinja irin su Boeing 737, wanda duk mai zuwa Legas ko Abuja ya sani, yana cin kilomita 800 zuwa 850 a awa guda idan ya daidaita a sama. Yaron da ya iya rabawa zai ɗauki alli ya ce maka tafiyar minti 50 ce da ɗoriya, kuma lissafinsa bai ɓaci ba. Sai dai duk wanda ya ɗaura aniyar zuwa Yamai da wannan lissafi, har ya buga wa mai masaukinsa waya a ajiye masa abinci da zafinsa, to tuwon zai kwana.

Nisan da ke tsakanin gari da gari ajiyayyen abu ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Lokacin da tafiya ke ci kuwa haɗe-haɗe ne: kaɗan na inji, kaɗan na iska da yanayi, mafi tsoka kuma mutane ne suka yanka shi a ofisoshi da teburan taro. Wanda ya san yadda aka kasafta shi zai bambance abin da sai dai a yi wa haƙuri da abin da ya cancanci ƙorafi.

Kowane filin jirgi yana da lambobi biyu da ke nuna mazauninsa a doron ƙasa. Na Kano yana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, kuma digiri 8 da rabi gabas da layin da ya ratsa Girinwic ta Ingila. Na Yamai yana digiri 13 da rabi arewa, digiri 2 da ɗan ɗori gabas. A wannan shiyya tamu digiri guda ya kusa kilomita 110, saboda haka Yamai tana yamma da Kano da kusan kilomita 690, tana arewa da ita da kusan 160 kacal. In aka haɗa biyun ta lissafin nan na kusurwa uku da ake koyarwa a sakandare, sai 700 ɗin nan da 'yan kai su fito.

Bakano ya saba cewa Nijar arewa take, don haka yakan ɗauka cewa mai zuwa Yamai arewa zai dosa. Tafiyar yamma ce. Layin da ya fi kowane gajarta yana bi ta saman jihar Katsina da Zamfara, ya gifta ta kudu da birnin Sakkwato kaɗan, sannan ya tsallaka iyaka ya faɗa jihar Doso. Kusan kashi biyu cikin uku na hanyar a sararin Najeriya suke. Basakkwace ma ya fi kusa da Yamai a kan Kano, domin daga Sakkwato zuwa Yamai bai kai kilomita 340 ba, zuwa Kano kuwa ya haura 370. In aka juya gabas, Njamena ta Chadi ita ma wajen kilomita 700 take daga Kano, wato Kano ta zauna daram a tsakiyar manyan biranen maƙwabta biyu.

Masu auna irin wannan nisa ba su dogara da taswirar da ke rataye a bango, domin duniya mulmulalliya ce, ita kuwa taswira an baje ta ne. Wanda ya sami ƙwallon duniya irin na ofishin hedimasta, ya kafa zare a Landan ya ja shi tsaf zuwa yammacin Amurka, zai ga zaren ya haura can arewa ta wajen Girinlan, hanyar da a taswirar bango za ta yi kama da zagaye alhali ita ce mafi kusa. A gajeriyar tafiya irin ta Kano da Yamai bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aunin. Wani wuri a ga 700 da 'yan kai, wani wuri 440, wani kuma 380, sai mutum ya ce ɗaya daga cikinsu ƙarya ne. Duk gaskiya ne. Na farko kilomita ne, na biyu mil na ƙasa mai mita 1,609, na uku mil na teku mai mita 1,852, kuma da wannan na ƙarshen matuƙan jirgin sama suke aiki.

Yanzu a rufe ƙofar jirgi. Wata ƙatuwar mota ta tura shi baya, aka tada injuna, ya fara rarrafe zuwa bakin titin tashi, wataƙila ya tsaya jiran wani ya sauka. Minti 10 zuwa 15 sun tafi ko taku ɗaya bai yi zuwa Yamai ba. Wanda ke zaune a bakin taga zai iya hango manyan lambobi da aka rubuta da farin fenti a kan kwalta: a Kano gefe ɗaya 06, ɗaya gefen 24. Lambobin suna faɗin inda titin ya fuskanta a kamfas, 06 arewa maso gabas, 24 kudu maso yamma. Jirgi yana son ya tashi iska na bugun fuskarsa, haka kuma yake son ya sauka. A hunturu, lokacin da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, jirgin da za shi Yamai zai tashi ya fuskanci wajen Gumel, ya juya wa inda za shi baya, sai ya yi sama sannan ya yi kwana. Titin Yamai kuwa gabas da yamma yake kwance, 09 da 27. Ranar da iskar gabas ce ke busawa, jirgin da ya fito daga Kano sai ya wuce filin ya yi yamma, ya juyo, sannan ya sauka. Waɗannan kwane-kwane ba sa cikin kilomita 700 ɗin, amma suna cikin agogo.

Gudun kilomita 800 ɗin ma ba daga ƙasa yake farawa ba. A mafi yawan ƙasashe an hana jirgi wuce kimanin kilomita 460 a awa muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000. Hawa zuwa ƙafa 33,000 ko 35,000 yana cin wajen minti 20, a cikinsu jirgin ya share kusan kilomita 200. Sauka kuma ba faɗowa ba ce. Ƙa'idar da matuƙa suka haddace ita ce mil 3 na teku ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko, don haka tun da sauran wajen kilomita 200 a kai Yamai hancin jirgi zai fara sunkuyawa, gudu yana raguwa. Abin da ya rage a tsakiya, inda ake cikakken gudu, bai fi kilomita 300 ba, minti 20 da 'yan kai. Shi ya sa ma'aikatan jirgi ke rige-rige da amalanken shayi a irin wannan tafiya: kafin na kujerar baya ya karɓi nasa an fara sanarwar a ɗaura bel. Jimillar zaman sama takan kai awa ɗaya da minti 5 ko 10. Abin da kamfani zai rubuta a tikiti ya fi haka, awa ɗaya da minti 20 ko da rabi, domin shi yana ƙirgawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga ma'ajiyarsa har zuwa lokacin da ya tsaya cik a wancan gefen, kuma yakan ɗan ƙara 'yan mintuna don kada a ce ya makara.

Wannan ne ya sa raina jirgi mai farfela da wasu fasinjoji ke yi ba shi da tushe. ATR 72, alal misali, gudunsa wajen kilomita 500 ne a awa, a takarda kamar an bar shi nesa. Amma tunda shi ba ya hawa can ƙololuwa, kuma babban jirgin ma rabin tafiyarsa hawa da sauka ne, ratar da ke tsakaninsu a kan kilomita 700 ba ta wuce rabin awa sosai ba, ga shi mansa bai kai na wancan ba ko kusa. A ganina hanyoyin Sahel irin wannan jirgi suke buƙata, mai kujeru 70 da za a iya cikawa kullum, ba mai 150 da zai riƙa tashi rabinsa wayam har kamfani ya gaji ya janye ba.

Sai iska. Mai kwale-kwale a kogin Kwara ya san cewa tuƙi ɗaya ne, amma gangara da haurawa ba lokacinsu ɗaya ba. Jirgin sama a cikin iska yake iyo, ita ma iskar tafiya take yi. In jirgi yana gudun 800 kuma iska mai gudun 60 tana tura shi ta baya, a ƙasa 860 za a gani. In ta gaba ta tare shi, 740 ne. A kan wannan hanya bambancin zuwa da dawowa zai kai minti 7 ko 8. A can sama da damina iskar gabas ce ta fi rinjaye a yankinmu, sai ta taimaki mai zuwa Yamai ta jinkirta mai dawowa, da hunturu kuma takan juya. A doguwar tafiya ne abin ke fitowa fili, inda zuwa da dawowa kan bambanta da awa guda cur.

Duk wannan mintuna ne. Hazo shi ne mai cin wuni. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, takan rufe Kano da Yamai har mutum ya kasa hango ƙarshen layin gidansu. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan gani da doka ta yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titi. In ganin ya gaza haka, ko dai jirgin ya ƙi tashi tun farko, ko ya yi ta shawagi yana jiran sarari, ko ya karkata zuwa wani filin. Don haka ne doka ta wajabta wa kowane jirgi ɗaukar man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin na ko-ta-kwana, da ƙarin na jira. Da damina kuma hadari ne. Gizagizan nan masu tasowa daga gabas su nausa yamma a jere, tsayinsu kan zarce inda jirgin fasinja ke iya kaiwa, ba a tsallake su, ba a kuma ratsa su. Na'urar da ke hancin jirgi tana nuna wa matuƙi su da launin ja, shi kuma ya nemi izini ya kewaye, ko da kewayen zai ƙara kilomita 50 ko 100. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara. Fasinjan da ke zagin kamfani a kan hazo ko hadari ya ɗauki fushin ya kai inda bai dace ba. Akwai wuraren da suka fi cancantarsa, za mu zo gare su.

Agogo bai kamata ya rikita mai wannan tafiya ba, domin Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya, haka ma Chadi da Kamaru da Benin. Rana ce ba ta bi agogon ba. Duniya tana juya digiri guda a cikin minti 4, don haka rana tana faɗuwa a Yamai wajen minti 25 bayan ta faɗi a Kano, a Njamena kuwa ta riga Kano da kusan haka. Mai azumin da ya sauka Yamai da yamma, in ya sha ruwa da jadawalin Kano da ke aljihunsa, ya yi wa kansa ɓarna. Inda agogon kan yi wa mutane wasa shi ne in tafiya ta biyo ta Togo ko Gana ko Burkina Faso, waɗanda ke bayanmu da awa ɗaya. Lokutan da ke jikin tikiti kullum na garin da aka ambata ne. Daga Yamai zuwa Wagadugu kilomita 420 ne, tafiyar kusan awa guda, sai mutum ya ga an rubuta tashi ƙarfe 10, sauka ƙarfe 10, ya ɗauka kuskuren bugu ne. Alhazai sun san kishiyar wannan, tunda Jidda tana gabanmu da awa 2.

Tsallaka iyakar a sama kuwa, fasinja ba zai ma san an yi ba. Sararin Najeriya hukumar NAMA ce ke kula da shi, kuma da sunan Kano aka san yankin a taswirar matuƙa ta duniya. Na Nijar yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar, wadda akasarin mambobinta ƙasashen da Faransa ta raina ne. Tun kafin jirgi ya tashi an aika wa ɓangarorin biyu takardar tsarin tafiyarsa. Da ya kusa iyaka, mai kula da shi a Kano zai ce wa matuƙi ya koma mita kaza ya kira Yamai, matuƙi ya murɗa maɓalli, ya faɗi sunan jirginsa da tsayin da yake, a amsa masa. Magana ce ta daƙiƙa 20.

A ƙasa ne ake biyan bashin wannan sauƙi. Tafiyar ƙetare ce, ko da maƙwabta ne, don haka a zo fili awa 2 zuwa 3 kafin tashi. A auna kaya, a duba fasfo wajen jami'an shige da fice, a bi ta kwastan da masu binciken ƙwaya, a nuna katin nan ruwan ɗorawa na rigakafin cutar shawara, a cire bel da agogo a wuce ta na'ura, a zauna jira. A Yamai kuma a sake layi gaban 'yan sanda a buga hatimi, a jira jaka, a wuce 'yan duwan, wato kwastan, a nemi motar shiga gari. In aka tara tun daga fitowa gida har zuwa sallama a ƙofar masauki, awa 5 zuwa 6 ne ranar da komai ya tafi daidai, wanda a ciki zaman sama kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kacal.

Wannan ma in akwai jirgin da zai tashi kai tsaye ke nan. Jirgin kai-tsaye tsakanin biranen Sahel abu ne mai zuwa ya ɓace: a buɗe hanya da biki da 'yan jarida, bayan wani lokaci a ji shiru. Ranar da babu shi, matafiyi sai ya bi ta garin da wani kamfani ya mayar cibiyarsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa ita ce Lome, gidan kamfanin ASKY da ya fara aiki a 2010. Daga Kano zuwa Legas kilomita 830, daga Legas zuwa Lome 230, daga Lome zuwa Yamai 815. Jimilla ta kusa 1,900, ninki biyu da rabi na ainihin nisan har da ɗori, tashi uku, sauka uku, da jira a tsakani wanda kan kai ga kwana a Legas in lokutan ba su dace da juna ba. Akwai wadda ta fi wannan ban mamaki. Jirgin Habasha yana zuwa Kano, yana zuwa Yamai, amma ta Adis Ababa ake haɗuwa. Mai bin wannan hanya zai yi gabas kilomita 3,300, ya dawo yamma 4,000, ya ratsa ta kusa da inda ya taso, don ya kai garin da ke kilomita 700 daga gidansa.

Me ya kawo haka? Tushen yana cikin yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin sufurin sama. Sashenta na farko ya tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Ma'ana, babu kamfanin da zai ɗauki fasinja daga wata ƙasa zuwa wata sai gwamnatocin biyu sun zauna sun rattaba hannu a kan wane kamfani, wane gari, sau nawa a mako. Turawa kuma da suka shata hanyoyin farko, kowa gidansa ya nufa da su: na ƙasashen Faransa suka kalli Faris, na Ingila suka kalli Landan. Bayan samun 'yanci Nijar ta shiga Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11 suka haɗu suka kafa a 1961, Najeriya kuma ta riƙe Nigeria Airways. Na farko ya durƙushe a 2002, na biyu ya bi shi a 2003, kuma giɓin da suka bari bai cike ba. An yi ƙoƙarin sassauta dokokin da shawarar Yamusukuro ta 1999, sannan da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a Janairun 2018. Sa hannu bai yi wuya ba, aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya, domin kowace gwamnati tana tsoron kada kamfanin maƙwabciya ya cinye nata.

Ga kuma lissafin kasuwa, wanda ba ruwansa da zumunci. Jirgi ya fi shan mai a tashi da hawa. Kuɗin sauka, kuɗin ajiye jirgi, ladan masu lodi, duk ɗaya ne ko tafiyar ta awa guda ce ko ta awa biyar, don haka gajeriyar hanya ta fi tsada a kan kowace kilomita. Mai da kayan gyara da inshora da dala ake biyansu, fasinja kuma naira ko sefa ke hannunsa. A kan wannan sai gwamnatoci su ɗora haraji iri-iri a jikin tikitin ƙetare, kuma Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da wannan haraji ya fi nauyi. A nan ne fushin fasinja ya dace ya sauka. A Disamban 2024 shugabannin ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, sun amince a soke wasu harajin a kuma rage wasu kuɗaɗen da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026, amma kafin ranar ta zo Nijar ta riga ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Sannan su wa ke zirga-zirga tsakanin Kano da Yamai? Mafi yawansu 'yan kasuwa ne da masu ziyarar dangi. Wanda ya saro dilolin atamfa a Kantin Kwari ba zai iya da jirgin da ya ƙayyade masa kilo 20 da 'yan kai ba. Shi kuma jirgi yana tashi ne a kan lokaci, ya cika ko bai cika ba.

Abin takaicin shi ne Kano ta san zamanin da hanyar sama ke bi ta kanta. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma daga nan ake fara ba da tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu a kai a kai. Jiragen wancan lokaci ba su da dogon numfashi, duk wanda ya ƙetaro Sahara sai ya tsaya shan mai, Kano kuwa ita ce zango. KLM na ƙasar Holan ya shafe shekaru fiye da 60 yana sauka a nan kafin ya janye a 2012. Da jirage suka iya tafiya daga Turai har kudancin Afirka ba tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta sama, zangon ya koma wurin da ake hangowa ta taga.

Shekarar 2023 ta nuna wa kowa hannun da ke riƙe da agogon. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da gwamnatin shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakokin ƙasa da na sama tsakaninsu da Nijar. Ranar 6 ga Agusta Nijar ta rufe sararinta gaba ɗaya, ba ta buɗe wa jiragen fasinja ba sai 4 ga Satumba. A wannan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya ko kudancin Afirka sai da suka yi ta zagaye, da yawa suka ƙara awa guda ko fiye, tunda dama ana kauce wa saman Libiya, na Sudan kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun shekarar ya rufe shi. Alhazan Najeriya na wannan shekara sun ɗanɗana nasu: rufe sararin Sudan ya tsawaita tafiyar Jidda, ya kuma ƙara kuɗin jigila. Tsakanin Najeriya da Nijar kuwa abin ya daɗe fiye da haka. Sai 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyakoki. Wata bakwai da ɗori titin 06 da titin 09 suna nan inda suke, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru da taku ɗaya ba, amma babu jirgin fasinjan da ke da izinin haɗa su.

Shi ya sa har yau mota ce ke ɗauke da nauyin wannan zumunci. Daga Kano a bi ta Katsina zuwa Jibiya, a tsallaka a Magama a shiga Ɗan Isa, a isa Maraɗi. Daga nan a hau babbar hanyar Nijar mai lamba ɗaya: Gidan Runji, Madawa, Galmi mai albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Sama da kilomita 900 ne, kusan 660 daga ciki tsakanin Maraɗi da Yamai. Manyan motocin safa na Nijar da asuba suke tashi, don haka wanda ya fito daga Kano yakan kwana a Maraɗi ya kama ta gobe, ya wuni a hanya yana sauka yana nuna takarda a shingayen jandarma. Ga gajiya, ga fargabar tsaro a wasu sassan hanyar, musamman wajen Jibiya. Duk da haka in aka gwada shi da wanda ya bi ta Legas da Lome ya kwana a hanya, sau da yawa kusan tare za su isa, na motar da kayansa gaba ɗaya da canjinsa a aljihu.

Mai niyyar hawa jirgi, abin da zai duba a tikiti ba awa ɗaya da rabin nan ba ne. Ya duba tsayawa nawa ne, a wane gari, jiran awa nawa, da agogon wace ƙasa aka rubuta kowane lokaci. Ya tambaya ko kamfani ɗaya ne zai ɗauke shi har ƙarshe, domin in tikiti biyu ne daban-daban kuma na farko ya makara, na biyun ba zai jira ba, ba kuma zai biya ba. In da zaɓi ya ɗauki tashin safe, tunda jirgi ɗaya ke zagaya garuruwa da yawa a wuni, makarar da ya yi a zangon farko yana jan ta har dare. In tafiyar ta faɗo a tsakiyar hunturu, ya bar wa hazo kwana guda a cikin shirinsa.

Akwai hanya ta uku da ake ginawa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Daga wancan gefen, an shimfiɗa layi mai kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016, amma bai taɓa zama hanyar jigilar yau da kullum ba. Tsakanin Doso da Maraɗi kuwa, sama da kilomita 500, ba a ajiye ko ƙarfe ɗaya ba tukuna.